Daga allo da alli zuwa gidan gwamna: abin da tsohon jami'in ilimi ke tafiya da shi

"Assalamu alaikum Baba. Ni malamin firamare ne a wani ƙauye na gundumar Magarya. Gardama ta kaure a fadarmu, wato majalisar da muke zama hira, kan tsofaffin malaman makaranta da sufetoci da aka riƙa naɗawa gwamnonin jaha kafin sojoji su karɓi mulki. Wasu sun ce wanda ya taso daga aji ya fi kowa sanin talaka. Wasu sun ce ba abin da ya iya sai tsawa a kan yara, ga shi kuma makarantunmu ba su gyaru ba ko a lokacin da namu ke bisa kujera. Tunda kun daɗe a hukumar ilimi ta jaha, ta wace hanya malami ke kaiwa can? Kuma aikin ilimin yana amfanarsa da wani abu in ya hau?"

Wa alaikumus salam, ɗana. Allah ya yi wa aiki albarka. Tambayoyi biyu ka haɗa: ɗaya kan hanyar da ke kai malami kujerar gwamna, ɗaya kuma kan ko abin da ya koya a hanyar yana yi masa rana. A ƙarƙashinsu akwai ta uku wadda ba ka fito da ita fili ba, ita ce kuwa ke hura wutar gardamarku: in namu ya hau, me ya hana shi gyara makaranta? Kafin in amsa ko ɗaya, sai mun daidaita kan ko wane ne gwamna a ƙasarmu Nijar, don ku mutanen bakin iyaka kunnenku ya cika da gidajen rediyon Kano da Katsina da Jigawa, kuna auna namu da mudun nasu.

Gwamnan Katsina zaɓarsa ake yi, yana da wa'adin shekara huɗu, yana da majalisar dokoki da kasafin kuɗi da kwamishinan ilimi wanda shi ya naɗa shi. Gwamnan Damagaram, wato jaharmu ta Zinder, ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan. Daga Yamai ake naɗo shi, kuma irin takardar da ta kawo shi ita ke ɗauke shi, wani lokaci ma a rediyo zai ji. Wakilin shugaban ƙasa da gwamnati ne a jaha. Tsaro da zaman lafiya suna wuyansa, perefe-perefe, wato shugabannin gundumomi, suna ƙarƙashinsa, shi ke haɗa kan daraktocin ma'aikatu na jaha, amma kowane darakta yana da ministansa a Yamai, kuma daga can kuɗinsa ke fitowa. A da ma ba gwamna ake ce masa ba, perefe ne, sai bayan gyaran tsarin gudanar da ƙasa na farkon shekarun 2000 aka mayar da manyan yankuna jahohi takwas. An zaɓi majalisun ƙananan hukumomi a 2004, majalisun jahohi a 2011, sannan a 2016 aka fitar da dokokin da suka miƙa musu wani sashe na harkar ilimi da lafiya da ruwa da muhalli: firamare ga magadan gari, sakandare ga majalisar jaha. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 aka naɗa hafsoshi a kujerun gwamnoni, a watan Afrilun 2024 kuma aka rusa majalisun aka sa wakilai naɗaɗɗu. Duk cikin wannan jujjuyawa, ba a taɓa damƙa wa gwamna jakar kuɗin ilimi ba.

Matakalar da ake hawa

Ta fannin aiki hanyar sananniya ce, kai ma kana kan matakinta na farko. Mutum ya fito daga makarantar horon malamai, irin Askia Mohammed da ke nan cikin birnin Zinder, a tura shi ƙauye. Ya yi shekaru da alli a hannu, a ba shi riƙon makaranta. In yana da himma ya zauna jarrabawar shiga babbar makarantar horon malamai ta Jami'ar Abdou Moumouni a Yamai, ya fito mai ba malamai shawara kan koyarwa, daga baya ya koma ya fito sufeto. Daga sufeto sai daraktan ilimi na gunduma, sai na jaha, wasu su wuce ma'aikata a Yamai. Ƴan sakandare tasu hanyar ta ɗan bambanta: malami, mai kula da tsarin karatu, shugaban kwaleji ko lise, sannan hukumar jaha. Har zuwa nan takarda da shekarun aiki ne ke magana, ko da yake ba su kaɗai ba.

Daga nan kuwa matakalar ta ƙare. Babu jarrabawar zama gwamna. Ban taɓa ganin wanda aka naɗa don kawai ya iya tsara jadawalin jarrabawa ba. Kafin juyin mulkin 2023, abin da ke ɗaukar mutum daga ofishin ilimi ya aza shi a gidan gwamna siyasa ce: jam'iyya, rabon muƙamai tsakanin jam'iyyun ƙawance, daidaita yankuna, da kuma yardar wani babba. Dalilin da ya sa malamai suka yi yawa a wannan layi tsohon abu ne. A zamanin Turawa, ɗan ƙasa da ya yi boko mai zurfi mafi yawa malami ne ko akawu ko ma'aikacin asibiti. Diori Hamani malamin makaranta ne kafin ya zama shugaban ƙasa na farko a 1960, haka Boubou Hama da ya riƙe majalisar dokoki, haka Djibo Bakary abokin hamayyarsu. Da guguwar dimokuraɗiyya ta taso bayan kisan ɗalibai a gadar Kennedy ranar 9 ga Fabrairu 1990, ƙungiyoyin malamai da na ɗalibai ne a sahun gaba, kuma wanda ya jagoranci babban taron ƙasa na 1991, Farfesa André Salifou, malamin tarihi ne haifaffen Zinder, wanda jami'armu ke ɗauke da sunansa yau. Mohamed Bazoum, wanda ya yi lise a Amadou Kouran Daga na nan Zinder, falsafa ya koyar kuma ta ƙungiyar ƙwadago ya shigo siyasa. Ga wani dalilin da ya fi waɗannan sauƙi: kafin a rusa jam'iyyu a 2025, jam'iyya takan nemi mai iya rubuta rahoton taro, mai iya tsayawa gaban jama'a ya yi magana, mai zama a ƙauyen da babu wani ma'aikacin gwamnati. A mafi yawan garuruwanmu wannan mutum malamin makaranta ne. Shi ake ba sakataren reshe, in jam'iyya ta ci a tuna da shi.

Abin da yake zuwa da shi a aljihu

A nan nake tare da rukunin farko na fadarku, amma ba don dalilin da suka kawo ba. Tausayin talaka hali ne, akwai malamin da ba shi da shi, akwai sojan da ke da shi. Abin da aikin ilimi ke ba mutum wanda sauran ayyuka ba sa bayarwa shi ne sanin ƙasa ƙauye-ƙauye. Babu ma'aikatar da ta kai ta ilimi yawan ma'aikata, babu wadda ta kai ta kutsawa daji. Ka duba jaharmu: faɗinta ya haura murabba'in kilomita 150,000, ƙidayar 2012 ta ba ta mutum sama da miliyan uku da rabi, ta fi kowace jaha jama'a. Gundumominta biyar ne a da, Gure da Magarya da Matamai da Mirya da Tanut, a 2011 suka zama goma. Kudu cunkoson manoma ne inda gona ke ƙanƙancewa kowane rabon gado, arewa kuwa, wajen Tasker da Balbeji, makiyaya ne da rijiyoyi masu nisa da juna. Wanda ya riƙe ilimin jaha irin wannan ya san wace hanya ke yankewa da damina, wane maigari ne maganarsa ke da nauyi, wane gari ne ba ya shiri da maƙwabcinsa har ba za a haɗa ƴaƴansu a aji ɗaya ba. Ya san cewa in yara suka fara ɓacewa daga rajista a watan Fabrairu, rumbuna ne suka kusa ƙarewa. Rajistar kiran suna takan riga rahoton ma'aikatar noma sanar da yunwa. Matan da yaran da ke barin yankin Kance suna nufar Aljeriya, waɗanda mutum 92 daga cikin irinsu suka mutu da ƙishirwa a hamada a watan Oktoba 2013, daraktocin makarantu sun daɗe suna ganin gurbinsu a kan benci kafin duniya ta ji.

Na biyu, ba a yi masa rufa-rufa cikin sauƙi. Na taɓa raka wani gwamna, tsohon sufeto, rangadi a wata makarantar ƙauye. An share fili, an yayyafa ruwa, yara sun cika aji maƙil, kowa da allonsa, sun miƙe sun gaishe shi da murya ɗaya. Bai tsaya sauraron waƙar maraba ba. Ya ce a ba shi rajista, ya fara kiran suna da kansa. Suna na kusan goma sai shiru, na gaba ma shiru, ga yara kuwa a zaune. Ya sunkuya wajen wata yarinya a bencin baya, ya karɓi littafinta ya buɗe, shafin farko ne kawai ke da rubutu, kwanan watan ranar. Ya tambaye ta a hankali, "Ƴata, wa ya ba ki wannan littafi?" Ta nuna darakta da yatsa. Ashe an aro yara daga makarantar allo don a cika aji. Bai yi faɗa a gaban jama'a ba. Da aka fito ya ja darakta da maigari gindin bishiya, ya ce su gaya masa inda ƴan rajistar na gaske suke. Suna bakin rijiya, domin famfon garin ya lalace tun kaka, kuma layin ruwa yakan kai azahar. Da wani ne ya zo, da ya tafi da hoton aji cike ya rubuta cewa komai lafiya.

Na uku shi ne zama da masu hayaniya. Zinder gari ne da ɗalibi ke da murya, ga gungun matasan da ake kira pale na unguwanni irin su Kara-Kara, ga matsalar ruwa da ta girmi mafi yawanku duk da rijiyoyin Gogo-Macaya da Arunguza da Ganaram. Garin da ya ga tarzomar 16 ga Janairu 2015, ranar da aka ƙona majami'u da cibiyar al'adun Faransa, ba ya bukatar a gaya masa yadda wuta ke saurin kamawa. Wanda ya yi shugabancin lise ya san yadda bore ke farawa: alawus ya makara, malamin lissafi bai zo ba tun Oktoba, shugabannin ɗalibai suna bukatar abin da za su koma su faɗa wa ƴan'uwansu. Ya san cewa in ka karɓe su da safe ka ba su kujera da ruwa, ka faɗi abin da ke hannunka da wanda ke hannun Yamai, sau da yawa tayar da aka tara ba za a cinna mata wuta ba. Ya sha zama da wakilan ƙungiyoyin malamai, wataƙila ma shi ya taɓa zama wakilin, ya san bambancin barazanar gaske da ta neman a kula.

Inda alli ba ya kaiwa

Rukuni na biyu ma ba ƙarya suka yi ba. Akwai ciwon da aji ke sa wa mutum: ya saba shi ke magana, saura na rubutawa. Na ga wanda ya tara sarakunan gargajiya da limamai ya yi musu awa biyu yana jawabi, yana tambayarsu ko sun gane. Sun gane sarai, ba su dai sake ba shi shawara ba. A ƙasar da ke da Sarkin Damagaram da sarakunan kantuna, wato yankunan sarauta, waɗanda gidajensu suka riga gwamnati zama, gwamnan da bai iya sauraro ba ya yanke wa kansa rabin labarin jaharsa. Akwai kuma son gyaran takarda. Tsohon sufeto yakan riƙe wasiƙa kwana uku saboda waƙafi bai zauna daidai ba, alhali mutane na jiran sa hannu.

Sannan mafi yawan aikin gwamna ba shi da alaƙa da makaranta. Shi ke shugabantar zaman tsaro da kwamandojin soja da jandarma da gardi da ƴan sanda, mutanen da ke da nasu tsari da nasu sirri, kuma ba sa saurin sakin jiki da farar hula. Shi ke tsayar da ranar sakin gonaki bayan girbi, wadda in aka yi gaggawa dabbobi su afka wa amfanin da ba a kwashe ba, in aka yi jinkiri makiyaya su ƙosa a kan burtali, ko wanne kuwa jini na iya zuba. Dokar karkara ta 1993 da kwamitocin filaye da ta kafa, ba a koyar da su a makarantar horon malamai. Ga sayar da hatsi da rahusa a lokacin bazara da damina, ga ambaliya, ga iyaka da Najeriya, ga matatar mai ta SORAZ da aka buɗe a 2011 da duk rigingimun ɗaukar ma'aikata da ke biye da ita. A waɗannan fannoni wanda ya fito daga makarantar koyon mulki ta ƙasa, ya yi perefe a wurare uku ko huɗu, ya fi malami shiri nesa ba kusa ba. Ni daga ɓangaren ilimi na kalli waɗannan abubuwa, ba a ɗakin zaman tsaro nake ba, don haka ka ɗauki maganata a nan a matsayin ta maƙwabci. Abin da dai na lura da shi shi ne, tsohon malamin da ya yi nasara shi ne wanda ya riƙe babban sakataren jaha da kyau, ya bar masa dokoki da takardu, shi kuma ya fita cikin mutane.

To me ya hana shi gyara makaranta?

Ka lissafa manyan ciwukan makarantarku, ka duba wanne ne maganinsa ke cikin aljihun gwamna. Ɗaukar malaman kwantaragi da yawa, wanda ya faro a ƙarshen shekarun 1990 ya kuma bunƙasa da shirin shekara goma na raya ilimi daga 2003, shawarar Yamai ce da masu ba da tallafi, don a buɗe azuzuwa da yawa da kuɗi kaɗan. Yawan abin da ake biyansu da ranar da zai fito, baitulmali ne. Jarrabawar da aka yi musu a 2017, wadda ta tayar da ƙura a ƙasa duka, ministan ilimi ne ya kawo ta. Manhaja, littattafai, harshen koyarwa, duk daga sama suke saukowa. Ka tuna a nan Zinder aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa tare da Faransanci tun 1973, dokar ilimi ta 1998 ma ta amince da harsunan ƙasa, amma har yau abin bai game ba, kuma ba wani gwamna da zai iya game shi da sa hannunsa. Azuzuwan zana, waɗanda ba a kafa su sai an yi girbi an samu kara, ruwan farko kuma ya rushe su, su ne ke cinye wa yaro watanni a kowace shekara. Gobarar da ta kashe yara a irin waɗannan azuzuwa a Yamai cikin Afrilun 2021 da kuma Maraɗi cikin Nuwamban shekarar ta girgiza kowa, amma maye gurbinsu da gini kuɗi ne na ƙasa, ba na gidan gwamna ba.

Wannan ba wanke shi nake yi ba. Akwai abubuwan da ke hannunsa, kuma a kansu ya kamata fadarku ta yi masa hisabi. Babba a cikinsu rabon malamai. Kai shaida ne: a cikin birni za ka tarar da makaranta mai malamai fiye da azuzuwanta, wasu na zaune a inuwa, a daji kuwa mutum ɗaya na riƙe da aji uku. Takardar canjin wurin aiki a cikin jaha tana bi ta teburin gwamna, kuma kowace shekara kafin komawa makaranta wayarsa ba ta hutawa: matar wane, ƙanwar wane, ɗan jam'iyyar wane. A nan ne tsohon jami'in ilimi ba shi da uzurin rashin sani, domin ya san abin da kowane suna da aka cire daga jerin daji ke nufi. A nan ne kuma siyasar da ta kawo shi ke zuwa karɓar bashinta, kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Na ga wanda ya tsaya ya mayar da jerin yadda hukumar ilimi ta kawo shi, na ga wanda ya ƙara sunaye da biro a gefen takarda. Dukansu tsofaffin malamai ne.

Ban da wannan, yana iya matsa wa masu riƙe da ƙananan hukumomi su kafa rumfuna kafin Oktoba maimakon Disamba. Yana iya hana ƙungiyoyin agaji taruwa a gunduma ɗaya mai kwalta suna barin Tasker. Yana iya sa perefe da sarakuna su tsaya kan maganar ƴan matan da ake cirewa daga kwaleji a aurar, ya kuma bi sawun abincin makarantun makiyaya, don a arewa in tukunya ta sauka yara sun watse. Yana iya tsare jarrabawar BEPC da BAC, ta kammala kwaleji da ta kammala lise, daga masu sayar da amsa, ba ya zo ya buɗe ambulan na farko a gaban kyamara ya tafi ba. Ba ɗaya daga cikin waɗannan da ke bukatar sabon kasafin kuɗi.

Game da kai da ƴan'uwanka da ke hangen wannan hanya, ga yadda ƙarshenta yake. Muƙamin ba shi da wa'adi. Wani ya yi shekaru, wani bai cika shekara ba, canjin ƙawance ko tarzomar kwana ɗaya ta isa. Ma'aikacin gwamnati da aka naɗa aro aka yi shi daga ma'aikatarsa, in an sauke shi can zai koma, da matsayin da ya bari. Kaɗan ne ke wucewa minista ko majalisar dokoki. Da yawa sukan koma ma'aikatar ilimi su tarar ƙannensu sun zama shugabanninsu, ba ofis ba tebur, sai sa hannu a takardar halarta har ritaya ta zo, wasu su ƙare da koyarwa a makarantu masu zaman kansu. Kuɗin fanshonsu kuwa bisa matakin aikinsu na asali ake lissafa shi. Saboda haka in kana kwantaragi, abin da ke gabanka shi ne samun lambar ma'aikacin dindindin. In ka samu, ka shirya wa jarrabawar shiga babbar makarantar horon malamai da zarar shekarunka na aiki sun kai, kuma ka yi ta tun kana daji, lokacin da dare ke da tsawo kuma ba mai kiranka taron jam'iyya. Ka gaishe mini da mutanen fadarku.